Gaishe Ku, Gwanayen Tsimin Makamashi

An daɗe ana zaluntar manyanmu, kuma lokaci ya yi da wani zai miƙe ya faɗi gaskiya ko da za a jefe shi. Kullum ka murɗa rediyo sai ƙorafi: babu wuta, man gas ya yi tsada, masana'antu sun rufe ƙofa. Ba mai tsayawa ya dubi zurfin hikimar da ke kwance ƙarƙashin waɗannan al'amura. To, yau na ɗauko tambari zan buga wa masu tsara mana harkar yazawa, tun daga masu manyan kujeru a Abuja har zuwa attajiran da ke cika kwantena a Legas. Gaishe ku, gwanayen tsimi, iyayen lissafi, kakannin tattali, inuwar na nesa, garkuwar baƙo! Gaishe ku, masu kyautar da ba a roƙa ba, waɗanda duniya ta zo sayen ƙwaya suka haɗa mata da abin hura wuta! Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa tirelolinku taya.

Sai an san bishiyar kafin a san darajar masu kula da ita. Yazawa 'yar arewa maso gabashin Barazil ce, Turawan Fotugal suka ɗauko ta a ƙarni na 16 suka kai ta Goa ta ƙasar Indiya da gaɓar Afirka. A Nijeriya an kafa manyan gonakinta na farko a shekarun 1950, a wurare irin su Oghe ta jihar Inugu ta yau, da Iwo da Eruwa a ƙasar Yarabawa. Yau gidan sarautarta yana ƙasar Igala ta jihar Kogi, wajen Anyigba da Dekina da Ankpa, sai Ogbomosho wadda masu saye ke yabon ƙwallonta, sai Kwara da Binuwai da Nasarawa har zuwa Neja da Kaduna. Bishiya ce mai kunya. Ba ta neman ban-ruwa, ba ta neman taki mai yawa, ƙasar da masara ta raina ita karɓa take da godiya. Manyanmu, masu idon da ke hango gobe tun shekaranjiya, suka lura da wannan kyakkyawan hali, suka yanke shawarar kada su ɓata ta da kulawa. Akwai cibiyar binciken koko ta Ibadan wadda yazawa ke cikin aikinta, har da reshe a Ochaja, a tsakiyar ƙasar Igala. Duk da haka manomi da yawa har yau ƙwallon da ya tsinta ƙarƙashin tsohuwar bishiyar ubansa shi yake binnewa, ya jira abin da Allah zai yi. Mutanen Biyetnam, da yake ba su da haƙuri, sukan tatsi tan guda ko fiye daga hekta ɗaya. Gonakinmu da dama sun fi ƙarfin wannan haɗama.

Masana a ƙasashen waje sun tsufa suna lissafin litar mai nawa hekta ɗaya ke sha, ƙarfin inji nawa ke shiga gona, nawa ke fitowa. Mu mun warware wannan matsala tun kafin a haife su. Injin gonar yazawa a wurinmu ƙugun mace ne. Daga Fabrairu zuwa Mayu, tun raɓa ba ta bushe ba, za ka gan ta ƙarƙashin rassa, a duƙe, tana tona busassun ganye da yatsa tana tsintar 'ya'yan da suka faɗo cikin dare, domin yazawa ba a tsinko ta, sai ta nuna ta sauko da kanta. Ta ɗauka, ta murɗe ƙwallon, ta jefa a daro, ta yi taku ɗaya, ta sake duƙawa. Kafin rana ta take ruwan 'ya'yan ya ɓata mata zane da tabon da sabulu bai san maganinsa ba. Wane injiniya ne ya taɓa ƙera inji irin wannan? Ba ya shan man gas, ba ya neman kayan gyara daga Caina, da garin rogo da ruwa yake tashi, in kuwa ya lalace, 'yarsa tana nan a bayansa da ƙaramin daro, ta riga ta koyi aiki. Ranku ya daɗe, masu kare ƙugu daga zaman banza!

Ga kuma abin da ake murɗewa a yar. Naman yazawar, ja ko rawaya, mai ruwa da zaƙi da ɗan bauri, ya ninka ƙwallon nauyi sau da yawa, kuma ya fi lemun zaƙi sinadarin bitamin C. A Barazil tace shi suke yi su dafa su cika kwalabe da ruwansa, abin sha ne da ake alfahari da shi a jihar Piyawi. A Goa barasa suke yi da shi, Allah ya tsare mu. Mu kuwa, saboda tsananin tsantseni, da muka guji barasar sai muka haɗa da gudun duk abin da ya yi maƙwabtaka da ita: ba ruwan kwalba, ba abincin dabbobi, ba iskar girki da ake samu in an rufe ruɓaɓɓen 'ya'yan itace a rami. Tsibi ake yi a gindin bishiya a bar shi. Kwana biyu ya fara tsami, ƙudaje su zo daga ƙauyuka bakwai, ƙamshin ya tari baƙo tun daga bakin hanya. Wannan walima ce ta shekara-shekara da ƙasa ke shirya wa ƙwari, ba a taɓa fasa ta ba, ba a taɓa neman ko sisi daga waɗanda aka gayyata ba.

Shanya ba ta buƙatar dogon yabo. Ƙwallo na son kwana biyu ko uku a rana mai kyau, a kan daɓe mai tsabta, ana juya shi, sannan a zuba a buhun algarara mai shan iska. Da yake daɓen siminti almubazzaranci ne, gefen kwalta ya wadatar, da yake kuma ɗanyen ƙwallo ya fi nauyi a sikeli, akan taimaka masa ya shiga buhun leda da sauran danshinsa. In mai saye ya yanka ya tarar da ruɓa ya rage farashi, ai rangwame ne, kuma rangwame halin manya ne.

Yanzu muka zo fadar, inda dole mai yabo ya cire takalmi. Ɗauki ƙwallo ɗaya ka duba. Farar ƙwayar nan mai lanƙwasa, wadda ake ci, da ƙyar ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Saura kusan duka ɓawo ne, mai kauri, cike da ƙananan ramuka, ramukan kuma cike da wani baƙin mai mai ƙuna wanda yakan kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ɓawon ko ya ɗara. Da wannan mai ake yin fenti, da shi ake haɗa takalmin birkin mota, ana hura manyan murhunan masana'antu da shi, har an fara gwada gauraya shi cikin man jiragen ruwa. In an matse man, tunkuzar da ta rage ita ma ci take da wuta. Aikin fasa kashu kuwa rabinsa zafi ne: a turara ƙwallo a tukunyar tururi kamar rabin awa, a bar shi ya kwana ya huce, a fasa, a sa ƙwayar a tanda ta yi awoyi tana bushewa, sannan a ɓare jar fatar da ke manne da ita, a tantance manya da ƙanana da fasassu. Duk zafin da tukunya da tanda ke nema yana cikin ɓawon da aka cire, har da ragi. Wato yazawa amarya ce da ta zo gidan miji da itacen girkinta a ka.

Ƙaramin mutum, mai ƙaramar zuciya, in ya ga haka cewa zai yi a ajiye itacen a gida. Manyanmu ba ƙanana ba ne. Su da suka gaji kyauta daga Hatimu Ɗa'i suka ninka, suka ce a loda komai, ƙwaya da ɓawo da mai, a kai wa Indiya da Biyetnam. Dubi tafiyar, don Allah, ka ga sarauta. Babur ya sha fetur ya kawo buhu kasuwar ƙauye. A-kori-kura ta sha nata ta kai sito a Anyigba. Tirela ta cika tanki da man gas, ta ƙetare kogin Kwara ta gadar Itobe, ta wuce ta gefen kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka kafa a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, gagarabadan tsimi, zakaran masana'antun duniya wajen tattalin makamashi, domin shekara 40 da ɗoriya ke nan babbar tandarsa ba ta taɓa ɓata gawayi ko ɗaya wajen narka tama ba. A nan kusa kuma ga tashoshin wutar Geregu biyu masu aiki da iskar gas, waɗanda wayoyinsu ke ratsa sararin jihar da ladabi, ba sa damun ƙauyukan da ke ƙasa. Tirela ta gaishe su, ta bi Okene, ta nufi Ibadan, ta sauka Legas. A shekarun 2017 zuwa 2019 hanyar Apapa ta ba direbobi damar yin makonni a layi, suna wanka da kwana a gindin mota, ƙwallo na gumi ƙarƙashin tamfol, domin kada a ce kayanmu sun bar gida da gaggawa, ba su yi sallama ba.

Daga nan sai jirgin ruwa, ya zagaye ƙarshen Afirka ta Kudu, ya ratsa tekun Indiya, makonni yana shan baƙin mai, har ya isa Tutikorin ko Ho Ci Min. A cikin kowace kwantena huɗu da ya ɗauka, kusan uku ɓawo ne. Mun sayi mai, mun ƙona mai, domin mu kai wa wasu mai. In akwai wata al'umma da ta kai wannan matsayi a ilimin makamashi, a kawo sunanta. Can a Kollam ta jihar Kerala da yankin Bin Fuwok na Biyetnam, sai su karɓi kyautar, su hura tukwanensu da ɓawonmu, su matse man su sayar, su ɗauki dubban mutanensu aiki, su rufe ƙwayar a leda su tura Turai da Amurka. Kaɗan daga ciki takan dawo mana a gwangwani mai kyalli, da gishiri a jikinta, ta zauna a kantunan Abuja da Kano, ta ga duniya, ta waye, farashinta ya nuna haka.

Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta shaida. Hukumarta ta kasuwanci da raya ƙasashe, UNCTAD, ta fitar da rahoto a 2021 inda ta nuna kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyen kashu da ake cinikinsa tsakanin ƙasashe daga Afirka yake fitowa, abin da ake fasawa a nahiyar bai kai kashi 15 cikin 100 ba, Indiya da Biyetnam kuma su biyu suka sayi kashi 98 cikin 100 na ɗanyen da aka shigar ƙasashe tsakanin 2014 da 2018. Ta kuma bi sawun ƙwallo daga gonar Kwaddibuwa a 2018, ta tarar in ya fito daga Indiya kuɗinsa ya ninka sau uku da rabi, in an soya shi an ƙulla a Turai ya ninka kusan sau takwas da rabi. Maƙiya sun karanta wannan suka kira shi asara. Mu mun karanta mun ga takardar yabo: kashi ɗaya namu, bakwai da rabi sadaka.

Akwai dai 'yan taurin kai da suka nace sai sun fasa kashu a gida, kuma abin sha'awa ne yadda aka yi musu tarbiyya ba tare da an ɗaga murya ba. Injin fasawa da na ɓarewa da fankokin tanda da na'urar rufe leda duk lantarki suke so. Babban layin wutar ƙasa, mai tawali'u, mai gudun riya, yakan raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum sama da miliyan 200, kuma a 2024 ya yi ta kwanciya yana hutawa sau da dama, shi ma rai gare shi. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, waɗanda ake cewa sun fi kowa samun wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, domin mai masana'anta ya san darajar abin da yake samu jefi-jefi. In ya juya ga janareta, litar man gas ta haye naira 1,000 tun 2023. In ya je banki neman jarin sayen ƙwallon shekara guda, wanda dole a saye shi cikin wata uku ko huɗu na kaka, ya tarar Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, bankin kasuwa kuma ya ɗora nasa a kai. Kafin ya gama cike takarda, wakilin baƙo mai rancen arha ya riga ya kwashe sito. Sai injuna su kwanta, ma'aikata su koma gida, masana'anta ta yi watanni ba ta sha ko digon mai ba. Wannan shi ne ƙololuwar tsimi, kuma ba a kai gare shi sai da shugabanci.

In masana'antar ta tashi aiki, zagaya bayanta ka ga wani abin mamaki. Ga tudun ɓawo ya fi tsayin mutum, baƙin mai na tsatsafowa daga gindinsa yana shiga ƙasa, ciyawa ta ja da baya don girmamawa. Ana ɗibar kaɗan da shebur a watsa ɗanye a murhun tukunya, hayaƙi baƙi ƙirin ya tashi ya gaida unguwa. Sauran ana neman mai tifa a biya shi ya kwashe. Taku goma daga tudun kuma ga ɗakin janareta, yana ruri, yana zuƙar man da aka sayo da bashi. Makamashi biyu suna maƙwabtaka, ɗaya kyauta, ɗaya da tsada, an zaɓi mai tsadar, domin kyauta ta matalauta ce.

Kada a manta da iyayenmu mata masu suya a bakin hanyar Lokoja da sauran garuruwa, waɗanda ke cika tsofaffin kwalabe da kashu matafiyi ya saya wa yara tsaraba. Su kasko suke hudawa, su ɗora a kan itace, su zuba ƙwallo. In zafi ya kama, man ɓawon ya tsattsafo ya kama da wuta, harshenta ya tashi sama da kansu, hayaƙin ya shiga ido da maƙogwaro. Su juye a ƙasa, su barbaɗa toka, su zauna da ɗan sanda suna fasawa ɗaya bayan ɗaya. Dubi yatsunsu: baƙaƙe, fata ta saɓule ta sake tohowa ta sake saɓulewa, ana shafa manja ko toka don rage ƙuna. Man da wasu ke lodawa a tanka su sayar da dala, mu hadaya muke yi da shi ga sararin sama, kuma sai mun sare wata bishiyar mun hura wutar hadayar. Safar hannu da ƙaramar tukunyar tururi za su raba waɗannan mata da wannan lada, shi ya sa aka tausaya musu ba a kawo ba.

Abin tausayi maƙwabtanmu ne, waɗanda rowa ta kama. Jamhuriyar Benin ta hana fitar da ɗanyen kashu daga Afrilun 2024, ta gina masana'antu a yankin Glo-Djigbé, ta jawo wa kanta hayaniyar injuna da wahalar biyan albashi. Kwaddibuwa, wadda ta fi kowa noman kashu a duniya, tana tara sama da tan miliyan ɗaya a shekara, ta ɗora haraji a kan ɗanyen da ke fita, tana tallafa wa masu fasawa a gida, ba kunya ba tsoron baƙo. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso har wasu sun ƙera tanda da ke dafa ɓawo a rufe, iskar da ta fito ta hura tukunya, abin da ya rage ya zama gawayin girki. Ƙasar da ko teku ba ta da shi, tana ƙwace wa jiragen ruwa abincinsu! Mozambik kaɗai ta taɓa kusantar darajarmu. Ita ce kan gaba a noman kashu a farkon shekarun 1970, tana da manyan masana'antunta, har Bankin Duniya ya gindaya mata sharaɗi a 1995 ta sassauta fitar da ɗanye, masana'antun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, dubban ma'aikata suka samu hutu. Amma ita tilasta mata aka yi. Mu ba wanda ya riƙe mana wuya, da hankalinmu muka zaɓa, kuma ibadar ganin dama ta fi ta dole lada.

Kada kuma wani ya ce ba a damu da batun ba. Ana damuwa, a manyan otal-otal, ƙarƙashin sanyin na'ura, janareta biyu na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana. A zo da manyan motoci, kowace da mai ɗauke da jaka, a kunna majigi, a nuna hoton tudun ɓawo, a tafa. A yi jawabi kan ƙara wa amfanin gona daraja, a sha shayi, a miƙa hannu ga ɗan faranti a ɗebi kashu mai gishiri wanda ya je Asiya ya dawo domin ya halarci taron. A fitar da sanarwar bayan taro mai sakin layi goma sha, a raba kuɗin zama, a sa ranar na baɗi. Makamashin da ake ƙonawa a irin wannan zama da ya ishi ƙaramar masana'anta aikin kwanaki, amma masana'anta kashu kawai take fitarwa, taro kuwa ƙuduri yake fitarwa, kuma ƙuduri ba ya ruɓa ko an bar shi shekara goma a ɗaki.

Saboda haka nake roƙonku, ya ku zakunan tattali, toron giwayen lissafi, masu ciyar da tukwanen Kerala, masu haska fitilun Bin Fuwok, kada ku saurari 'yan hassada da ke cewa a kafa matsar man ɓawo a Anyigba, a ja wayar Geregu zuwa inda ake fasa kashu, a yi wa manoma daɓen shanya, a ba masu masana'anta rance mai sauƙi. Waɗannan shawarwari ne na masu son ganin ƙarshen kyautarku. Abu ɗaya kawai ya rage muku: kun aika ƙwaya, kun aika ɓawo, kun aika mai, kun aika aikin yi, amma ranar da ke busar da ƙwallon har yau tana nan a ƙasar Igala tana zuba a banza, ba a samo hanyar loda ta a kwantena ba. Ranku ya daɗe, a kafa kwamiti kafin kaka ta kama a watan Fabrairu.